Gani Bai Kori Ji Ba: Gyara a Kan Takardar Gidan Silimar Garinmu

A babban hutun da ya wuce, tun ban aje jaka ba abokaina na fada sunka tare ni da wata takarda mai shafi 14. Proje ne, an rubuta shi da Faransanci, an yi mashi bango da leda, har da hoton jajayen kujeru da anka ciro daga intanet. Gidan silima suke so su buɗe a garinmu. Sun riga sun fara tara kuɗi, wani ya sa ribar albasarsa, wani ya ce zai saida babur ɗin da yake kabu-kabu da shi. Aikina, tunda ni ne wai mai karatun harsuna a Yamai, shi ne in mayar da takardar zuwa Hausa don a karanta wa mai gari da dattawa, kafin a kai ta meri.

Na ce masu kwana biyu sun ishe ni. Na yi sati guda ban wuce shafi na uku ba. Kalmomi ba su gagare ni ba. Abin da ya faru shi ne duk jimlar da na juya zuwa Hausa sai in ji ta zama abin dariya a bakina. "Za a samar da ɗaki mai kilim, mai kujeru 120, inda masoya fim za su kalli sabbin finafinan duniya da fassara a rubuce, suna cin gugguru, a kan jika guda." Karanta wannan da ƙarfi a ƙofar mai gari ka gani. Da Faransanci magana ta yi kyau. Da ta shigo Hausa sai ta fito tsirara, kowa ya ga ba garinmu take nufi ba.

Na gaya masu wannan baki da baki, ran wasu ya ɓaci. Ina rubuta shi a nan ne don na san ba mu kaɗai ba ne. Daga Tasawa zuwa Madawa, daga Mirriya zuwa Dogon Dutsi, akwai samari masu irin wannan mafarki, kuma da wuya in takardunsu ba su yi kama da tamu ba. Ina son gidan silimar nan ya tabbata, shi ya sa ba zan yi mashi kara ba.

In fara da abin da takardar ta yi daidai. Ta ce gari mai dubban matasa ba shi da wurin da za a taru da dare in ba fada ba ko gidan kallon balo. Gaskiya ne. Ta ce kallon da kowa ke yi shi kaɗai a salula, kai sunkuye, bai kai kallon da ake yi tare ba. Wannan ma gaskiya ne, duk wanda ya taɓa jin mutum ɗari sun bushe da dariya lokaci guda ya sani. Ta kuma ce kada a jira gwamnati. Na sa hannu. Daga nan ne munka rabu.

Sunan da za a kira wurin

Wurin da na fara cijewa shi ne suna. Hausa tana da kalmomi da yawa na wannan abu, kuma kowace da kayan da take ɗauke da su. Akwai majigi, wadda masana sunka ce ta fito ne daga sunan Turanci na wata tsohuwar fitilar haska hoto a bango. Majigi shi ne fim ɗin hukuma, wanda mota ke kawowa fili, kyauta, da mai bayani a gefe, a nuna maka yadda ake noman gyaɗa ko tsabtar rijiya. Akwai dodon bango, sunan da mutanen Kano sunka fara ba abin, kuma sunan kaɗai ya gaya maka yadda anka tarbe shi. Akwai silima, gidan biya da tikiti, wanda a Kano anka fara gina shi a bayan ganuwa, a unguwar baƙi, kuma tun daga lokacin sunansa ya manne da shaye-shaye da matan banza. Sannan akwai gidan kallo, rumfar zana ko ta kwano mai tele da benci, inda yara ke biyan dala biyar ko goma.

Abokaina sun zaɓi "silima" don ita ce ta yi kama da abin da sunka gani a Yamai. Canal Olympia da anka buɗe a 2017, mai kujeru 300, ita ce hoton da ke cikin kansu, ko da ba su rubuta sunanta ba. Amma a kunnen kawuna, silima ba ɗaki ne mai sanyi ba. Da na ambaci kalmar a gabansa sai ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan nan, abin da munka ji daɗi ya mutu shi za ku tono?" A kunnen innata kuwa majigi abu ne na kyauta, in ka ce ta biya sai ta tambaye ka laifin me ta yi. Takardar ba ta yi ko layi ɗaya a kan wannan ba, alhali sunan da kunka rubuta a ƙofa shi zai fara zaɓar wanda zai shiga da wanda ubansa zai hana shi. Ban da amsa a aljihu. Wataƙila "dandali" ya fi, tunda kalma ce da ke da tsohon mutunci wajen wasan dare na samari da ƴan mata a idon manya. Abin da na tabbatar shi ne a zauna a yi gardamar sunan da Hausa kafin a buga hatimi.

Kunne kafin ido

Shafi huɗu na takardar a kan majigin haska hoto suke: lallai sai mai 4K, lallai sai allo na musamman daga waje. Sauti ya samu layi biyu: "manyan bafil guda biyu da ampli." A nan ne kuskure mafi girma yake, kuma a nan ne ɗan karatun da nake yi ya yi mani rana.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A ɗakin kallon fim ɗin Hausa maganar ba ta tsaya ba. Finafinanmu na magana ne. Ka ɗauki Labarina ko Daɗin Kowa ko Izzar So, ka rufe ido, za ka bi labari kusan gaba ɗaya. Ka toshe kunne ka bar ido, sai mutane zaune a falo suna motsa baki. Mai kallo a garinmu zai yafe maka hoto mai hazo, ai da kaset mai tsalle ya girma. Ba zai yafe maka ba in bai ji abin da uwar miji ta faɗa ba.

To Hausa harshe ne da ɗaki mara kyau ke saurin lalatawa. Bambancin "gari" na zama da "gari" na tuwo tsawon wasali ne kaɗai, ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan ba. Bambancin "kara" da "ƙara", ko "bari" da "ɓari", yana cikin ɗan motsin maƙogwaro ne a farkon kalma. Ga babbar: "Alhaji ya ce ta tafi." In ka ja "ta" ɗin da sauti sama, labari yake ba da, matar ta riga ta tafi. In ka gajarta shi da sauti ƙasa, umarni ne, korar ta yake yi, aure ya mutu. Fim guda zai iya rataya a kan wannan gaɓa ɗaya.

Yanzu dubi ɗakin da takardar ta zana: tsawon mita 15, bangon siminti mai sulɓi, daɓen siminti, rufin kwano. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan guda. Muryar da ta fito daga gaba za ta bugi bangon baya ta dawo wa na layin farko bayan ta yi ƙarin tafiyar kusan mita 30, wato ta makara da kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Daidai tsawon da ke raba garin zama da garin tuwo ke nan. Amsa-kuwwar gaɓar farko za ta hau kan ta biyu, ta biyu ta hau kan ta uku. Duk wanda ya taɓa zama a bayan amfi yana ƙoƙarin kama maganar malami ta lasifika ya san irin wannan azaba. Kuma ƙara murya ba ya gyara komai, amsa-kuwwar ma ƙaruwa take yi.

Sai halinmu na son gurnani. Da an kunna ampli sai a murɗa bas har ƙirji ya riƙa rawa, kamar a gidan biki. Ƙarfin wasula yana ƙasa, amma abin da ke bambanta baƙaƙe irin su s, sh, ts, k da ƙ yana can sama, cikin siririn sauti. Bas mai yawa yana binne su. Bafil ɗin biki an ƙera shi don rawa, kuma aikinsa yake yi.

Maganin ba shi da tsada, shi ne abin haushin. Bangon laka mai kaushi ya fi siminti mai sulɓi. Zana, tabarmi, tsofaffin barguna ko buhunan algarara a bangon baya da gefe suna shanye amsa-kuwwa. Rufin kwano yana so a yi mashi silin na tabarma ko na kara, in ba haka ba ruwan Agusta kaɗai ya isa ya tashi kallo. Bafil ɗaya mai kyau a tsakiya, a ƙarƙashin allo ko samansa, yana fuskantar kawunan mutane, shi ne na magana, sannan matsakaita biyu a gefe. In kuma fili ne mara rufi, kamar yadda yawancin tsofaffin gidajen silimar ƙasar nan suke, amsa-kuwwa ta ragu da kanta, sai dai a yi shawara da maƙwabta. Gwajin da na ba abokaina shi ne wannan: kafin ku biya kuɗin kowane bafil, ku zaunar da tsohuwa a layin ƙarshe, ku sa mata fim, ku tambaye ta me anka ce. In ta maimaita daidai, ku saya.

Lissafin wuta

Game da hoto, in allo ya kai faɗin mita 4, tsayinsa zai zama mita 2 da kwata. Bango ne kawai da anka shafe sumul, a yi mashi farin fenti mara ƙyalli. Majigi mai hasken lumen 3,500 na gaskiya ya isa a cikin duhu. Na ce na gaskiya don kasuwa cike take da ƴan ƙanana masu araha da anka rubuta wa dubbai a kwali, in ka kunna sai ka ga kamar fitilar a-ci-bal-bal. Shi kuma 4K ɗin da ake ta kira, a allo mai wannan girma, wanda ya zauna bayan mita 7 idonsa ba zai bambanta shi da 1080 ba. Balle ma yawancin finafinan da ke yawo a kile da kart memwar ba su kai ko 1080 ɗin ba. Abokin gabar majigi a nan ƙura ce da zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu zai toshe matatar iskarsa, a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40. Akwatin da za a rufe shi da wanda zai riƙa share matata kowane sati sun fi 4K amfani, kuma babu su a takardar.

Ga lissafin da na yi a bayan shafinsu na ƙarshe. Majigi wat 300. Ampli wat 200. Kwamfuta wat 60. Fanka huɗu wat 280. Fitilu wat 40. Jimla kusan wat 900. Kallon awa uku zai ci kusan wat-awa 2,700. Batir mai bolt 12 da amfa-awa 200 yana ɗaukar 2,400, amma in irin na dalma ne rabi kaɗai ake sha in ana so ya daɗe. Ke nan batir uku, ko huɗu in za a jera su bolt 24, da fano huɗu masu wat 300 su cika su da rana. Wannan abu ne da ƙungiyar samari za ta iya kaiwa gare shi.

Yanzu sa kilim. Jikin mutum guda a zaune yana fid da zafi kusan wat 100. Mutum 120 sun ba da wat 12,000 ke nan. Kilim mai doki ɗaya da rabi yana kwashe kusan 3,500, shi kuma yana cin wuta kusan 1,200. Sai an sa huɗu kafin a kashe zafin jikin mutane kaɗai, ba a yi maganar kwanon da ya wuni a rana ba. Huɗun nan za su ci wat 4,800, fiye da ninki biyar na dukan sauran kayan a haɗe. Daga ina? Takardar ta ce "wutar Nigelec, da gurup in an ɗauke." Dukanmu muna nan a Agustan 2023 lokacin da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mafi yawan kuran ɗin ƙasar nan, mun ga watannin da anka yi. Gurup kuma yana shan esansi yana ihu, ihun nan kuwa cikin kunnen tsohuwar layin ƙarshe zai ƙare.

Kuɗin shiga fa? Jika guda kuɗin cefanen wani gida ne. Mu ce dala 40, sefa 200 ke nan, mutum 60 a dare: jika 12. Dare uku a sati, jika 36. A wata jika 144, in kullum wuri ya cika, kuma ba zai cika ba. Ku raba biyu, ku cire na mai gadi, na haya, na haƙƙin masu fim, ku aje na batir da zai mutu bayan ƴan shekaru. Abin da ya rage zai riƙe fili mai benci da fanka. Ba zai riƙe kilim huɗu ba ko na wata guda. Wanda zai saida babur ɗinsa ya cancanci a nuna mashi wannan lissafi kafin ya miƙa makulli.

Me za a nuna, da wane harshe

"Sabbin finafinan duniya da fassara a rubuce." Wa zai karanta? Rubutun da ke gudu a ƙasan allo yana son mai karatu da sauri, mu ma da ke jami'a wani lokaci yana tsere mana. A garinmu waɗanda za su bi shi da Faransanci ba za su cika benci uku ba, kuma su ne dai masu kallon abin a salularsu tun kafin ya iso. In ka ce a rubuta da Hausa, matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba: da yawa sun fi sabawa da ajami ko ba su karatu sam, kuma rubutun bokonmu ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, "ta tafi" ɗin nan biyu iri ɗaya ake rubuta su.

Kasuwa ta riga ta ba da amsa, mu ne ba mu saurara ba. Dubi yadda fassarar Indiya-Hausa ta su Algaita ta mamaye gidajen kallo da wayoyi. Ɗalibai muna yi mata dariya, muna cewa ana ƙara abin da jarumin bai faɗa ba, ana cusa barkwancin Kano a bakin mutumin Mumbai. To amma sun gane abin da takardarmu ba ta gane ba: mutane murya suke so da harshensu. Haka ma masu silimar yawo ta CNA, da ke shiga ƙauyuka da mota da allo da gurup, ba su taɓa raina mai riƙe makirfo tana bayani da jan muhawara da harshen gari ba. Tun Maris 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Zai zama abin kunya a ce gidan kallon da ɗalibai Hausawa sunka kafa a tsakiyar ƙasar Hausa ya buɗe da fim ɗin da iyayensu ba su ji.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne a shafi 14 babu sunan fim ɗin Nijar ko ɗaya. Kamar ba a ƙasar nan anka haifi Oumarou Ganda ba, wanda Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar Fespaco ta farko a 1972. Kamar ba a yi Moustapha Alassane ba, da Le Retour d'un aventurier na 1966, inda samarin ƙauye sunka sa kayan kaboyi sunka hau dawaki sunka addabi gari. Fim ne a kan matasan da sunka ari rigar da ba tasu ba, da ma shi ya kamata fadarmu ta fara kallo. Na san yawancin finafinan Ganda da Zabarmanci suke, su ma za su so mai fassara. To sai me? Ga ɗalibai zaune.

Akwai kuma waɗanda ba su bukatar fassara ko kaɗan. Sani Magori ɗan Galmi ne. Fim ɗinsa na 2008 a kan albasa da aure yake, yadda faɗuwar farashin buhu ke ɗaga ranar biki. Ka nuna wannan a garin manoman albasa ka ga ko wani zai yi gyangyaɗi. Kukan Kurciya nasa ya bi wata tsohuwar zabiya da waƙoƙinta sunka tura samari ci-rani, ya ɗauke ta har Abijan don ta kira mahaifinsa ya komo gida. Gida nawa ne a garinmu ba su da wani a Abijan ko Libiya ko Aljeriya? Aicha Macky ta yi fim a kan rashin haihuwa a 2016, ta yi Zinder a 2021 a kan samarin fale na unguwar Kara-Kara. An kalle su a Turai, an tafa. Ire-iren mutanen da anka ɗauka a ciki da yawa ba su taɓa ganinsu a babban allo ba. In akwai dalilin kafa gidan silima mai zaman kansa a ƙaramin gari, to wannan ne. Fim ɗin Amurka salula ta riga ku.

Ba na cewa a kori finafinan Kano ko balo. Tun Turmin Danya na 1990 mutanenmu da su sunka saba, su ne za su cika benci, kuma daren Real Madrid da Barcelona shi zai biya kuɗin daren Kukan Kurciya. Sai dai a biya masu fim. Takardar ta ce za a "sauko da finafinai daga intanet", kamar ana tsinkar mangwaro a gonar da ba mai ita. Akwai ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, kuma masu shirya finafinan nan mutane ne masu rai da ake iya rubuta wa wasiƙa. Wanda ke kukan an kashe silimar ƙasa bai kamata ya fara da satar ta ba.

Wa zai shiga

Ƙanwata ce ta yi tambayar da ta fi duk nawa. Tana jin muna gardama a zaure sai ta leƙo ta ce, "Yaya, mu ina za mu zauna?" Anka yi tsit. Kujeru 120 ne a zane, ƙofa ɗaya, kallo daga ƙarfe tara na dare zuwa sha biyu. Wace budurwa ce za a bari? Wace matar aure? Ba a rubuta "maza zalla" ba, amma zanen ya faɗa. Alhali mata su ne manyan masu bin finafinan Hausa, su ne ke sanin wa ya auri wa a kashi na sittin.

Wannan ma aikin tsari ne, ba na fatar baki ba. Ranar mata daban, tsakanin la'asar da magariba, wanda ke nufin ana bukatar wuri mai inuwa da duhu ko a jira sanyin hunturu. Mace a bakin ƙofa tana karɓar kuɗi. Gefen iyali da ƙofarsa. Fitila a hanya da makewayi biyu. Kallon dare ya fara bayan isha'i, a tsaya cik da azumi ko a sake lokaci, a lura da ranar kasuwa, a san cewa da damina mutane suna gona kuma aljihu babu komai sai an yi kaka.

Su kuma malamai, takardar ta sa su a ƙarƙashin "matsaloli", tare da ruwan sama. Wannan raini ne, kuma wauta ce. A 2016 gwamnatin tarayyar Nijeriya da kanta ta janye shirin gina ƙauyen fim a jihar Kano bayan malamai sun tashi a kansa. In gwamnati ta ja da baya, ƴan fada goma sha biyu fa? A je wurin liman tun kafin a sayi ƙusa, a nuna mashi jerin finafinai, a gayyace shi daren farko. Wataƙila ya ƙi. Amma wanda anka shawarta ya ƙi daban yake da wanda ya ji labari a bakin yara. Akwai kuma mutumin da takardar ta kira "ƙazamar gasa", mai gidan kallon bakin kasuwa. Shekara da shekaru yana wannan sana'a, ya san daren da ake cika da wanda ba a cika, ya san yadda ake raba faɗa a cikin duhu. Shi ne masanin da muke da shi, a nemi shawararsa ko a sa shi ciki.

Abin da na ce masu

Wani abokina ya ce mani, "Kai dai ba ka son a yi babban abu. Kullum sai mu tsaya a zana da benci? Mu ba mu cancanci kujera mai laushi ba?" Maganarsa ta taɓa ni, don akwai gaskiya a ciki. Mun gaji da a ce mana ɗan kaɗan ya ishe mu. Amma na tuna mashi Moustapha Alassane. Tun yana saurayi da zanen hannunsa da hasken fitila ya fara tara mutane kallo. Daga baya ya je har Kanada ya koyi fim ɗin zane, ya yi suna a duniya, sannan ya zo ya zauna a Tawa, ya mai da wani sashe na otal ɗinsa wurin aiki, yana ta ƙirƙira da abin da ke hannunsa har ya rasu a 2015. Ba wanda zai ce mutumin nan ƙaramin buri gare shi. Ya fara ne daga inda ƴan kallo suke.

Shawarata ita ce kada a gina komai bana. A ari fili mai katanga, na makaranta ko na gidan matasa. A yi hayar majigi da bafil daga bayan kaka zuwa ƙarshen sanyi, dare goma sha biyu. Kowane dare a rubuta a littafi: mutum nawa, mata nawa, wane fim, nawa anka samu, a wane minti mutane sunka fara fita, me tsohuwar layin ƙarshe ta ce. Bayan nan a sake rubuta proje daga cikin littafin, da Hausa tukuna, sannan a juya shi zuwa Faransanci saboda meri da masu ba da tallafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babur ya tsaya a hannun mai shi har a ga abin da littafin zai ce.

Ban fassara takardar ba, na mayar masu da ita da jan biro a kowane shafi. Biyu daga cikinsu har yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Sauran sun yarda a gwada dare goma sha biyun, kuma sun ɗora mani riƙe makirfo ranar da za a nuna fim ɗin da ba na Hausa ba, tunda ni na ja maganar. In a garinku akwai masu irin wannan shiri, ku karanta takardarku da Hausa, da ƙarfi, a gaban innarku da ƙannenku mata, ku rubuta tambayoyin da za su yi maku. Mu za mu fara bayan an gama girbin gero, in Allah ya kai mu.